Phantom, Tomcat ko Tiger: wane jirgin yaƙi ƙasa za ta jingina da shi idan an ƙaƙaba mata takunkumi?

Mai nazarin harkokin tsaro da aka nemi shawararsa kan sayen jiragen yaƙi yakan tsaya cak tsakanin hanyoyi uku. Ko dai a zuba kuɗi a kan jirage ƙalilan masu tsada waɗanda babu kamarsu a sararin samaniya, ko a sayi masu araha da yawa waɗanda kanikawan gida za su iya riƙewa, ko kuma a nemi na tsaka-tsaki wanda yake taɓa kowane aiki. A kan takarda kowace hanya tana da hujjarta, kuma kamfanonin da ke ƙera jiragen sun iya tallar hajarsu. Abin da ke da wuyar samu shi ne ƙasar da ta riƙe nau'o'in nan uku a lokaci guda, aka rufe mata ƙofar kayan gyara, sannan ta shiga yaƙi na shekara takwas da su. Iran ce ta faɗa cikin wannan hali, shi ya sa abin da ya sami jiragenta daga 1980 zuwa 1988 ya fi duk wata takardar talla amfani ga mai son yanke shawara.

Sarkin Iran Muhammad Reza Pahlavi ne ya sayo jiragen daga Amurka a lokacin da kuɗin mai ke kwarara: F-5 Tiger na kamfanin Northrop, F-4 Phantom na McDonnell Douglas, da F-14 Tomcat na Grumman. Ya bar ƙasar a watan Janairun 1979, juyin juya hali ya yi nasara a Fabrairu, ƙwararrun Amurka da ke kula da jiragen suka tattara komatsansu. Bayan mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran ranar 4 ga Nuwamba na wannan shekara, sai aka toshe hanyar makamai da safaya gaba ɗaya. Sabuwar gwamnati kuma ba ta yarda da hafsoshin sojin sama ba, musamman bayan an bankaɗo yunƙurin juyin mulki na sansanin Nojeh kusa da Hamadan a Yulin 1980, inda aka kashe wasu hafsoshi aka ɗaure wasu. Wata biyu bayan haka, ranar 22 ga Satumba, Iraƙi ta kawo hari. Sai da aka buɗe gidajen yari aka fito da wasu matuƙa a zamanin shugaba Bani-Sadr domin su hau jiragen da babu mai iya tuƙa su sai su.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne kuɗi, kuma a nan dole a haɗa farashin saye da kuɗin riƙo, domin jirgin yaƙi ya fi cin kuɗi bayan ya iso gida. Na biyu shi ne ƙarko a ƙarƙashin takunkumi: idan wanda ya ƙera jirgin ya juya baya, daga ina za a samo tayoyi, injin da makamai? A ganina wannan ma'auni ya fi sauran nauyi, kuma amsarsa tana rataye da yawan ƙasashen da ke amfani da jirgin. Na uku shi ne sauƙin sarrafawa da gyara, wato mutum nawa ake buƙata a sama da ƙasa kafin jirgi ɗaya ya tashi. Na huɗu shi ne haɗari, na rai da na dukiya, da abin da ƙasa ke rasawa idan jirgi ɗaya ya faɗi. Na biyar shi ne aikin da jirgin ya yi a fagen daga, wanda shi ne zai nuna ko kuɗin da aka kashe ya biya.

| Abin dubawa | F-5E Tiger | F-4 Phantom | F-14A Tomcat |
|---|---|---|---|
| Adadin da Iran ta karɓa | kimanin 166 | 225 | 79 cikin 80 da ta yi oda |
| Mutanen da ke ciki | 1 | 2 | 2 |
| Injin | J85 guda biyu | J79 guda biyu | TF30 guda biyu |
| Nauyinsa babu kaya | sama da tan 4 kaɗan | kusan tan 14 | kimanin tan 18 |
| Nauyin makaman da yake ɗauka | kimanin tan 3 | sama da tan 8 | makaman kakkaɓo jirage |
| Farashi | kimanin dala miliyan 2.1 | dala miliyan 2.4 a 1965 | kimanin dala biliyan 2 duka cinikin |
| Masu amfani da shi a duniya | ƙasashe da dama | ƙasashe 12 | Amurka da Iran kaɗai |
| Wahalar gyara | kaɗan | matsakaiciya zuwa babba | babba ƙwarai |

A yi hattara da layin farashi. Kuɗin Phantom na tsakiyar shekarun 1960 ne, na Tiger kuwa na shekarun 1970 ne, bayan darajar dala ta ragu, don haka kusancin da alƙaluman suka nuna yaudara ce. A lokacin da aka sayi su biyun tare, Phantom ya fi Tiger tsada nesa ba kusa ba.

F-4 Phantom

Iran ta fara karɓar Phantom a 1968, kuma kafin juyin juya hali ta tara samfurin D guda 32, samfurin E guda 177, da RF-4E na leƙen asiri guda 16. Jirgi ne mai nauyi, mai shan mai, wanda injinansa ke barin baƙin hayaƙi a bayansa har abokin gaba yakan hango layin hayaƙin kafin ya ga jirgin kansa. Amma yana ɗaukar kaya kamar babbar mota, ana iya ba shi mai yana cikin tafiya a sama, yana harba makamin Sparrow da na Sidewinder a kan jirage, yana kuma harba Maverick a kan tankoki da jiragen ruwa.

Kusan duk wani babban hari da Iran ta kai cikin Iraƙi a farkon yaƙin, Phantom ne ya ɗauki nauyinsa. Ranar 23 ga Satumban 1980, kwana ɗaya da fara yaƙi, jirage kimanin 140, Phantom da Tiger, suka tsallaka iyaka suka far wa sansanonin sojin saman Iraƙi a harin da ake kira Kaman 99. Mako guda bayan haka, ranar 30 ga wata, Phantom biyu suka jefa bama-bamai a tashar nukiliya ta Osirak kusa da Bagadaza, wata takwas kafin Isra'ila ta rusa ta. A ƙarshen Nuwamba, a farmakin Morvarid, su ne suka yi amfani da Maverick wajen nutsar da ƙananan jiragen ruwan yaƙin Iraƙi a kusa da tashoshin lodin mai na Mina al-Bakr da Khor al-Amaya.

Harin da ya fi nuna abin da jirgin zai iya shi ne na 4 ga Afrilun 1981. Iraƙi ta kwashe jiragenta masu daraja ta kai su rukunin sansanonin H-3, can yamma kusa da iyakar Jodan, da tunanin cewa hannun Iran ba zai kai nan ba. Phantom takwas suka tashi daga Hamadan, suka yi arewa ta wajen tafkin Urmiya, suka bi gefen iyakar Iraƙi da Turkiyya suna tafiya ƙasa-ƙasa tsakanin duwatsu domin kada rada ta kama su. Jiragen Boeing masu dakon mai suka riƙa ba su mai a kan hanya, su ma a ƙasa-ƙasa, abin da a ka'ida ba a yi sai a can sama inda iska ke kwance kuma akwai sararin gyara kuskure. Suka isa H-3 daga ɓangaren da ba a zata ba, suka yi ɓarna a kan jiragen da ke ajiye, kuma duka takwas ɗin suka tsira. Alƙaluman asarar da ɓangarorin biyu suka bayar sun sha bamban, amma babu mai musun cewa harin ya isa inda aka nufa. Tiger ba shi da zangon da zai kai can, Tomcat na Iran kuma ba a tanade shi don jefa bam ba.

Ta fuskar ƙarko, sirrin Phantom shi ne yawansa. An ƙera guda 5,195, kuma a lokacin yana hannun Jamus ta Yamma, Ingila, Japan, Isra'ila, Turkiyya, Girka, Koriya ta Kudu, Sifaniya da Masar. Duk inda abu ya yi yawa haka, dillalai ba sa rasa hanyar fitar da shi ta bayan fage. Tun a 1980 aka sami tayoyin Phantom daga Isra'ila sun isa Iran, duk da irin kalaman da gwamnatocin biyu ke jifan juna da su a bainar jama'a. Safayar takan zo da tsada, wani lokaci ta zo da algus, amma tana zuwa.

Haɗarinsa kuwa ya fito ne daga irin aikin da ake ba shi. Shi ake turawa cikin wuta, inda makaman kakkaɓo jirage na Sobiyet irin su SA-2, SA-3 da SA-6 ke jira, ga bindigogin ƙasa. Idan ya faɗi, mutum biyu aka rasa, kuma mutane ne da aka horar a Amurka waɗanda babu inda za a sake samun irinsu da wuri. A Yulin 1982 wani matuƙin Phantom mai suna Abbas Doran ya kai hari matatar mai ta Daura a Bagadaza domin nuna cewa birnin ba shi da tsaron da zai karɓi taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu. Aka harbi jirginsa, abokin aikinsa na kujerar baya ya fice da lema aka kama shi, shi kuma ya mutu tare da jirgin. Taron dai a New Delhi aka yi shi a 1983. A Yunin 1984 ma jiragen F-15 na Saudiyya sun kakkaɓo Phantom na Iran a kan Tekun Fasha, alamar cewa zamani ya fara wuce shi idan ya haɗu da sabon jirgi mai samun jagorancin rada daga sama. Saboda irin wannan zubar jini, daga 1982 zuwa gaba Iran ta rage kai hare-hare masu zurfi ta koma tattalin abin da ya rage.

F-14 Tomcat

Dalilin sayen Tomcat ɗaya ne: jiragen leƙen asirin Sobiyet samfurin MiG-25 suna ratsa sararin Iran a can ƙololuwa, Phantom kuma ya kasa hana su. A 1974 aka yi odar guda 80 a cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 2, har da makamai, safaya da horarwa, wanda idan aka raba zai kama wajen dala miliyan 25 a kan kowane jirgi. Kamfanin Grumman yana cikin matsin kuɗi a lokacin, har sai da Bankin Melli na Iran ya ba shi rancen dala miliyan 75. An fara kawo jiragen a 1976, aka girke su a Isfahan da Shiraz.

Darajarsa tana cikin hancinsa. Radar AWG-9 da ke cikin hancin tana iya bin sawun jirage 24 a lokaci guda, ta jagoranci makaman Phoenix shida zuwa jirage shida daban-daban, daga nisan da ya haura kilomita 100. Matuƙin MiG-21 ko MiG-23 na Iraƙi yakan iya rasa ransa ba tare da ya taɓa ganin wanda ya harbe shi ba. Akwai kuma aikin da ba a saye shi dominsa ba amma ya zama mafi muhimmanci. Sarkin ya yi odar jiragen rada na E-3 guda bakwai da F-16 guda 160, aka soke cinikin a farkon 1979 (wasu daga cikin F-16 ɗin Isra'ila suka tafi, kuma irinsu ne suka rusa Osirak). Da babu jiragen rada, sai Tomcat ya zama idon rundunar: yana shawagi na sa'o'i yana shan mai a sama, jami'in kujerar baya ya ƙura wa allon rada ido yana sanar da Phantom da Tiger ta inda abokan gaba ke tahowa. Shi ne ya riƙa gadin Tehran da tsibirin Kharg, inda mafi yawan ɗanyen man Iran ke fita, wato inda kuɗin yaƙin ke shigowa. Matuƙin Iran Jalil Zandi, wanda ake danganta masa kakkaɓo jirage 11, a kan Tomcat ya yi suna.

Matsalar ita ce a lokacin, ban da Iran, babu mai irin wannan jirgi a duniya sai sojojin ruwan Amurka. An ƙera 712 kacal, don haka duk wani ƙaramin ƙarfe da ya lalace, ko dai a sato shi daga rumbunan Amurka ta hannun 'yan fasa-ƙwauri, ko a ƙera shi a gida, ko a ciro shi daga jikin wani Tomcat ɗin. Hanya ta uku ce ta fi yawa. Kamar yadda bakanike ke yanka mota ɗaya domin ya tayar da biyu, haka aka jere wasu jiragen a rumfa ana cire musu sassa ɗaya bayan ɗaya har suka koma ƙwarangwal. Makamin Phoenix ma ƙidayayye ne: an yi odar 714, guda 284 suka iso, kuma kowanne aka harba ya tafi ke nan. Ƙarancin ya kai ga injiniyoyin Iran sun gwada ɗaura makamin Hawk, wanda daga ƙasa ake harba shi, a ƙarƙashin fiffiken Tomcat.

Sai injin TF30, wanda ko a Amurka an san shi da shaƙewa idan matuƙi ya yi juyi mai tsanani, ya kuma jawo faɗuwar jirage da dama ba tare da abokin gaba ya taɓa su ba. Fikafikan da ke buɗewa su rufe, daga digiri 20 zuwa 68, su ma ƙarin aiki ne ga masu gyara. Duk da haka, a bikin cikar juyin juya hali shekara shida, a Fabrairun 1985, Iran ta tayar da Tomcat 25 suka ratsa sararin Tehran, abin da ya ƙaryata masu hasashen cewa jiragen sun daɗe da mutuwa. Iraƙi ma ta koyi darasi: da ta sami Mirage F1 daga Faransa daga 1981, matuƙanta sun riƙa zuwa ƙasa-ƙasa su yi wa Tomcat kwanton ɓauna, kuma sun kakkaɓo wasu. Kowane ɗaya da ya faɗi, giɓinsa ba ya cikewa. Da Amurka ta yi wa nata ritaya a 2006, sai ta sa aka daddatse mafi yawansu domin kada safayarsu ta sulale zuwa Iran.

F-5 Tiger

Tiger ƙaramin jirgi ne da aka tsara tun asali domin ƙawayen Amurka marasa ƙarfin aljihu. Mutum ɗaya ke tuƙa shi, injinansa ƙanana ne da 'yan kanikawa kaɗan za su sauke su mayar, ba ya shan mai kamar sauran biyun, kuma yana iya tashi sau da yawa a rana. Sansanoninsa na Dezful da Tabriz suna kusa da iyaka, don haka a makonnin farko, lokacin da tankokin Iraƙi ke kutsawa cikin lardin Khuzestan kuma sojojin ƙasa na Iran ba su gama haɗuwa ba, Tiger na cikin waɗanda suka riƙa sauka a kan ayarin motoci da bama-bamai da bindigoginsa biyu masu faɗin milimita 20.

Iyakarsa a fili take. Radarsa ba ta gani da nisa, ba ya ɗaukar Sparrow, zangonsa gajere ne, kuma kayan da ke gargaɗin matuƙi cewa an saita shi ba su kai na manyan jiragen ba. Aikin taimaka wa sojojin ƙasa yana tilasta masa sauka inda kowace bindiga za ta same shi, kuma ya yi asara mai yawa a watannin farko. Haɗarin ba daga abokin gaba kaɗai yake zuwa ba: Abbas Babaei, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin rundunar, a cikin F-5 yake lokacin da bindigar kakkaɓo jirage ta ɓangarensu ta same shi a Agustan 1987.

A wajen ƙarko ne ya yi wa sauran fintinkau. Ƙasashe da yawa suna da shi, har Iran ta sayo wasu tsofaffi daga Habasha a tsakiyar shekarun 1980. Mafi muhimmanci, sauƙin ƙirarsa ya sa shi ne kaɗai cikin ukun da masana'antun Iran suka iya kwaikwaya: Azarakhsh, da Saeqeh mai jela biyu, da Kowsar da aka nuna a 2018, duk daga jikin F-5 aka samo su.

Wanne ya dace da wace buƙata

Ƙasar da babbar fargabarta ita ce a kawo wa babban birninta, matatunta ko tashar fitar da manta hari ta sama, kuma maƙwabciyarta tana da jirage masu gudu da yawa, tana buƙatar wani abu irin Tomcat, domin babu adadin ƙananan jirage da zai maye gurbin rada mai gani da nisa. Sharaɗin shi ne ta sayi safaya da makamai na shekaru tun a cinikin farko, ta kuma tabbatar 'ya'yanta ne ke riƙe da lissafin rumbunan. Iran ta tarar da ɗimbin kaya a ajiye bayan tafiyar Amurkawa, amma tsarin kwamfutar da ke nuna inda kowane abu yake ya tsaya, sai da aka ɗauki lokaci ana bin akwatuna da hannu.

Ƙasar da aljihunta bai da zurfi, abokin gabarta kuma a ƙasa yake ko kusa da iyaka, ko wadda burinta shi ne ta koya wa injiniyoyinta ƙira da gyara, irin Tiger ne nata. Sai dai kada ta tura shi inda aka girke manyan makaman kakkaɓo jirage, kada kuma ta sa ran zai tsare mata sama da dare daga jiragen da suka fi shi gani.

Wadda kuwa kuɗinta ba zai wuce nau'i ɗaya ba, tana fuskantar yaƙi da wata ƙasa mai cikakkiyar runduna, kuma tana da dalilin zargin cewa mai sayar mata zai iya juya mata baya, shawarata ita ce ta ɗauki irin Phantom: jirgi mai zango, mai ɗaukar kaya, mai yin faɗan sama da na ƙasa da na ruwa, wanda aƙalla ƙasashe goma ke amfani da shi. Ta haɗa da jiragen dakon mai ko da biyu ne ko uku, domin ba don su ba da Phantom takwas ɗin nan ba su ga H-3 ba, ta kuma horar da matuƙa da jami'an kujerar baya fiye da adadin kujerun da take da su.